Lungun da Ba a Kai wa Fitila

Ranar da abin ya fara, Kubura na tsugune a tsakar gida tana wanke shinkafar masar gobe. Ladanin masallacin Ƙofar Wambai yana gyaran murya a lasifika, kaji sun gama shiga akurki, sama ta yi ja ta yamma, ƙasa kuma tana fitar da ɗumin da ta sha tun safe. Magariba ce irin ta ƙarshen damina, mai nauyi, marar iska. An ɗauke wuta kamar yadda aka saba. Ta ɗaga kai ke nan za ta ce wa 'yarta Saudatu ta kunna fitila, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin girki, ya gangaro, ya tsaya daidai ƙafarta.

Ta zaci yaran unguwa ne masu harbin tsuntsu, har ta fara shirya faɗan da za ta kai wa iyayensu. Ta ɗauki dutsen za ta jefar, ta sake shi da sauri tana yarfe hannu. Zafi gare shi, kamar yanzu aka ciro shi daga murhu. Wani ya sake faɗowa, wani ya biyo shi, kuma a wannan karon ta ga inda suke tasowa. Ba daga waje ba ne. Daga ƙuryar gidan suke fitowa, daga lungun bayan rumbu.

Saude na tsaye a bakin ƙofar ɗaki da fitilar caji a hannu, ba ta kunna ba. Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana barci, amma yau ta yi tsit, idanunta a kafe a kan lungun.

"Kunna fitilar mana. Me kike kallo?"

"Umma," ta ce a hankali, "ba sai an kunna ba. Ina ganin komai."

Gidan na Kubura ne, gadon mahaifinta, shi ma ya gada a wurin mahaifiyarsa, Inna Azumi. A can ƙurya, tsakanin tsohon rumbu da guntun ganuwar gari da katangar gidan ta jingina da ita, akwai wani lungu da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ko da tsakar rana hasken rana ba ya sauka cikinsa. Tun Kubura tana ƙarama Inna Azumi ta zaunar da ita ta ce mata, "Muna da maƙwabta a nan. Musulmi ne, masu iyali, kuma sun riga mu zama. Ba sa neman yanka, ba sa neman turare. In za ki wuce ki yi sallama, kada ki zubar da ruwan zafi ta wajen, kuma ko me ya faɗa ciki kada ki kai fitila. Yadda muke da labule a ƙofa, su duhun nan ne labulensu." A haka Kubura ta girma, har ta yi aure, kuma ba ta taɓa jin tsoron lungun ba. Sallama take yi ta wuce, kamar yadda ake yi wa gidan mutunci.

Da mahaifinta ya rasu, ita da mijinta Mansir suka bar ɗakin hayarsu na unguwar Ɗan Iya suka dawo gidan. Kafin a sauke kaya ta kai shi bakin rumbu ta faɗa masa ƙa'idar. Ya yi dariya, ya dafa ƙirji, ya ce wallahi hannunsa ba zai taɓa kai haske lungun nan ba. Ita kuwa ta karɓi rantsuwar ta ajiye a ranta kamar kayan ajiya.

Mansir mai hoto ne, shagonsa yana bakin barikin Shadawanka, kuma a faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne. Ba ya duka, ba ya zagi, cefane ba ya yankewa. Ciwonsa guda ne: in ya sa abu a ransa, ko uwar da ta haife shi ce ta tsaya a gabansa zai ce ta ɗan matsa tana tare masa haske. A shekarun nan da wayoyi masu kyamara suka cika gari, matan sojoji suka rage zuwa shago, sai ya ƙudura zai koyi abin da ba kowa zai iya ba. Ya sayi sandar kyamara mai ƙafa uku, ya sayi kwamfuta, ya kuma hana kowa a gidan cin tuwo cikin kwanciyar hankali saboda bayani.

"Idon mutum, Kubura, yana ganin rana da inuwa lokaci guda. Kyamara ba ta iya ba. Ki je bikin soja da rana, ango cikin farar shadda a ƙarƙashin rumfa. In na bi rigar, fuskarsa ta zama gawayi. In na bi fuskar, rigar ta ƙone fari fat, ko aikin wuyan ba a gani. Da dare ma haka, fitilun kasuwar Wunti su cinye hoto, sauran duk baƙi. To dabarar ita ce a kafa kyamara kada ta motsa, a ɗauka sau uku. Ɗaya a ƙifta idonta da sauri saboda haske, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya a bar idon a buɗe ya daɗe yana shan duhu. Sai in haɗa ukun a kwamfuta. In an haɗa, babu abin da ke ɓuya."

Kubura takan ce Allah ya ba da sa'a ta ci gaba da kwasar tuwonta. Saude ce mai saurare da baki buɗe. Ita ce mai ɗaukar masa jaka, mai goge gilashin kyamara da gefen hijabi, mai bin sa bakin ganuwa da yamma su kafa sanda suna jiran rana ta faɗi. Duk unguwar an san ta da 'yar gaban goshin babanta, kuma Kubura tana jin daɗin hakan har cikin ranta.

Washegarin ranar duwatsu Saude ta fito da hantsi za ta tafi makaranta, ta kurma ihu ta durƙushe tana rufe fuska. Ta ce komai ya zama fari, babu fuska, babu inuwa, babu ƙofa, sai fari mai suka kamar allura. Aka mayar da ita ɗaki aka toshe taga da bargo. Da magariba ta yi kuwa sai idanun suka buɗe tar. Tana zaune a ɗaki mai duhu ƙirin tana faɗa wa uwarta inda tururuwa ke bi a jikin azara, da tsagar da ke bayan sif, da allurar da ta ɓace tun bara. Barci ya ƙaurace mata, don ko ta rufe ido ba ta samun duhun da za ta kwanta a cikinsa. Aka kai ta wurin likitan ido, an naɗe mata kai da zane kamar amarya. Ya haska, ya duba, ya ce shi bai ga ciwo ba, amma in aka ci gaba a haka yana tsoron ganin zai tafi gaba ɗaya.

Duwatsu kuwa ba su fasa ba. Da ladan ya ɗaga murya suke farawa, ba sa samun kowa, ba sa fasa komai, sai dai su faɗo da zafinsu su tsaya a gaban mutum. In sun lafa sai shiru ya sauka, irin shirun da ko gyare ba ya kuka a cikinsa. A cikin shirun nan ne Kubura ta fara jin muryar. Kukan mace ne, ƙasa-ƙasa, daga bayan rumbu. Ba kukan ciwo ba ne, ba na mutuwa ba. Kubura mace ce, ta san shi: kukan wadda aka ci wa mutunci ne, tana toshe baki don kada a ji.

Ta sami mijinta a zaure yana goge kyamara. Ta durƙusa, ta sassauta murya.

"Maigida, don girman Allah ka faɗa mini. Ka kai fitila lungun nan?"

"Wallahi tallahi ban kai ba."

"Hoto fa? Ka ɗauki hotonsa?"

Ya ɗago ya dube ta ido cikin ido. "Na rantse da Alƙur'ani yatsana bai danna kyamara a kan lungun nan ba."

Kunya ta kama ta. Har gafararsa ta nema, ta ce zato zunubi ne, tashin hankali ne ya sa ta. Ya ce babu komai, ya ci gaba da goge-gogensa. To in ba shi ba ne, ai sai ita. Ta shiga lissafin kwanakinta, ta tuna wata safiya da ta tsiyaye ruwan shinkafa cikin sauri, ba ta tabbata ya huce ba, ba ta tabbata ta yi bisimilla ba. Daga ranar ta ɗora wa kanta laifin. Kullum da magariba, duwatsu na sauka, takan je bakin rumbu ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ta yi sallama, ta ce, "Maƙwabta, in ni ce na ƙona ku, ku yafe mini. Jahilci ne. Ku sakar mini yarinya." Mansir yana zaune a kan tabarmarsa yana jin ta, bai taɓa ce mata ta tashi ba.

Da ta ga Saude ta fara lalube ko a cikin ɗaki da rana, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, sai ta yafa gyale ta tari keke ta tafi Ɗan Iya wurin Modibbo Jalo, tsohon malamin da ya yi wa mahaifinta sallar gawa. Bafulatani ne siriri, fari, mai magana kamar yana tsoron kada kalmomin su ƙare. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba, sannan ya ce zai zo bayan la'asar, kuma maigidan ya kasance yana nan.

Ya zo da butarsa da carbi da ƙullin ganyen magarya. Ya zagaya tsakar gidan a hankali, da ya iso bakin rumbu ya tsaya ya yi sallama cikakkiya, ya ɗan jira kamar mai sauraron amsa, sannan ya juyo. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a rumfar ɗaki, aka fito da Saude da zane a fuska, Kubura ta riƙe ta ta baya. Mansir ya zauna a gefe yana ta gyara hula. Suka yi sallar magariba a nan, Modibbo ya ce kada a kunna komai.

Ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Ya karanta Fatiha da Ayatul Kursiyyu, ya shiga suratu Saffati, yana tofawa a ruwan magarya yana yayyafa wa yarinyar. Duwatsu suka sauko kamar ƙanƙara, kwano ya ɗauki ƙara, sannan suka tsaya cak. Kubura ta ji jikin 'yarta ya yi nauyi a hannunta, nauyin da ba na yarinya ba. Saude ta miƙe zaune, ta janye zanen daga fuskarta, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman dattawa. Da ta buɗe baki, muryar tsoho ce ta fito, mai kauri, mai sanyi.

"Wa alaikumus salam, Modibbo. Na amsa sallamarka tun ɗazu, ba ka ji ba ne."

"Kai wane ne? Musulmi ne kai?"

"Azumi tana kirana Na-Lungu. Na yi sallah a masallacin unguwar nan tun ba a haifi kakanka ba."

"To Musulmi ne yake zaluntar yarinya, yana neman makantar da ita?"

"Tambayi mai gidan wa ya fara zalunci."

Kubura ta tattara ƙarfin hali ta ce, "Ni ce. Ruwan zafi ne, na sani. Ka yafe mini."

Kan yarinyar ya juyo gare ta a hankali. "Jikar Azumi, ruwanki bai taɓa mu ba. Iyalina ta haihu. Tana wankan jego a cikin gidanta, babu zane, babu ɗankwali, duhu ne suturarta kamar yadda muka yi da kakarki. Sai aka kafa mana wani ido mai ƙafa uku a bakin rumbu, ido marar ƙiftawa. Ya tsaya a kanmu yana tsotse duhun kaɗan-kaɗan har ya tuɓe mu. Yanzu haka tana rataye a bangon wani shago a bakin bariki, sojoji suna shiga suna nuna ta da yatsa, suna dariya, suna cewa ga fatalwa. Modibbo, kai malami ne. In wani ya leƙa katangarka ya ga iyalinka a banɗaki, ya kai kasuwa ya rataye, me za ka yi masa?"

Modibbo ya juya ya dubi Mansir.

"Allah gafarta Malam, ba haka ba ne," Mansir ya ce, muryarsa ta sirance. "Inuwa ce kawai. In abu ya motsa tsakanin ɗauka da ɗauka yakan fito haka, kamar mutum. Kuma ni ban kai fitila ba, ban kunna filashin kyamara ba. Ɗan hasken da ke wurin ne na tara. Wuri ne da babu irin duhunsa a garin nan, na ce in na iya fito da shi to na iya komai. Rantsuwata tana nan, ni ban danna ba."

"To wa ya danna?" in ji Modibbo.

Hannun daman Saude ya ɗago sama a hankali, kamar ana jan sa da zare, yatsun suka dunƙule, manuniya kaɗai ta tsaya. "Wannan," in ji tsohon. Sai kuma fuskar ta narke, muryar yarinyar ta kutso ta ƙarƙashi, siririya, tana kuka.

"Umma, ranar da kika tafi suna ne. Baba ya ba ni wayar da ake dannawa daga nesa, ya ce hannuna ya fi nasa sauƙi, kyamara ba za ta motsa ba. Ya ce kada in gaya miki, za ki yi faɗa."

Kubura ba ta yi ihu ba. Wani abu ne ya tsinke a cikinta, ta ji shi sarai. Ba hoton ne ya fi ƙona ta ba, ba ma rantsuwar da aka yi mata ido cikin ido ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne mutumin nan ya san akwai abin tsoro a lungun, shi ya sa ya janye yatsansa ya sa na 'yarsa. Sannan ya zauna a tabarma kullum magariba yana kallon matarsa a durƙushe tana neman gafarar laifinsa. An ci amanarta a gidan ubanta, kuma da hannun 'yarta aka ci.

Muryar tsohon ta dawo. "Ido ya ci mana mutunci, ido za a biya. Na yarinyar nake riƙe da su, da su zan tafi."

"Ba za ka tafi da su ba," Modibbo ya ce. "Ka ce kai Musulmi ne. Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Yarinya aka aika, ba ta san me ke ciki ba. In ka ƙi, zan ci gaba da karatu har ka ƙone, kuma ka san zan iya."

Can tsohon ya ce, "Na ji ayar. To a ba ni na wanda ya aike ta." Kan yarinyar ya juya ga Mansir, muryar ta yi laushi kamar ta mai rarrashi. "Mai hoto, naka ko nata?"

Modibbo ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kubura ta zuba wa mijinta ido. Duk da abin da ta ji, a wannan lokacin ta shirya yafe masa. Kalma ɗaya take jira.

Mansir yana kallon tabarma.

"Mai hoto," tsohon ya sake cewa, wannan karon da muryar da ake ciniki da ita, "naka ko nata?"

Mansir ya cire hula, ya share gumi, ya mayar.

"Naka ko nata?" Kwanon rumfar ya amsa, kaji suka firgita a akurki.

"Allah gafarta Malam," Mansir ya ce da ƙyar, "da idon nan fa nake ciyar da su. Babu wata hanya?"

"Ɗauki nawa," Kubura ta ce. Ba ta san lokacin da maganar ta fita ba. Ta zagayo gaban 'yarta ta durƙusa, ta buɗe idanunta sosai. "Ga su. Masa nake soyawa, hannuna ya san tanda ko babu ido. Ɗauki nawa ka sakar mini ita."

Idanun Saude suka tsaya a kanta, hawaye suka gangaro daga cikinsu, kuma Kubura ba ta san ko na wane ne ba a cikin su biyun.

"Ke ce kike zuwa ƙofarmu kullum kina ba mu haƙuri a kan abin da ba ki yi ba," tsohon ya ce. "Iyalina tana jin ki. Ita ta hana ni sa duwatsun su sami kowa. Ba zan taɓa jinin Azumi da ya riƙe amana ba." Ya nisa. "Modibbo, faɗi naka."

"Babu idon da za ka ɗauka, ko nasa. Haƙƙinka a suturta iyalinka. Za a kawo hoton a ƙone, a goge duk inda ya saura. Kai kuma ka rantse da Wanda ya halicce ka daga wuta za ka fita, ba za ka dawo mata ba."

"A kawo in gani."

Mansir ya fita da sauri kamar wanda aka kwance daga turke. Suka zauna jiransa a cikin duhu, Modibbo yana karatu ƙasa-ƙasa, Kubura tana riƙe da hannun da ba ta san ko na 'yarta ba ne a lokacin. Aka kira isha'i, aka idar, sannan suka ji tsayuwar keke. Ya shigo da kwamfuta a hammata da wani babban hoto cikin firam, ya jingina shi a zaure, inda Modibbo ya ce a kunna 'yar fitila tunda nesa yake da lungu.

Hoton ya yi kyau, wannan ne abin haushin. Kubura ba ta taɓa ganin gidan ubanta haka ba. Jan sama yana nan da gizagizansa, bai ƙone ba, ga kowace tsaga ta jikin rumbu, ga zanen hannun maginin da ya yi yaɓen ganuwa, ga turminta, ga igiyar shanya. Idonta ya fara gangarawa wajen lungun, ta hango kamar kafaɗa, kamar hannu ya kai kan ƙirji. Ta kau da kai da sauri. Ta cire gyalenta ta lulluɓe hoton da shi tun daga sama har ƙasa, ta ɗaure ta baya yadda ake ɗaura wa mai jego zane. Daga rumfa ta ji tsohon ya saki wata ajiyar zuciya mai tsawo.

A ƙofar gida aka ƙone shi, da gyalen da komai. Mansir ya goge na kwamfuta a gaban Modibbo, ya ciro ɗan katin da ke cikin kyamara ya jefa a wutar. Da suka koma ciki tsohon ya yi rantsuwar da aka nema, kalma bayan kalma. Sannan ya ce, "Jikar Azumi, za mu tashi. Ba don ke ba. Amma gidan da aka taɓa leƙawa ba ya sake zama gida. Ki yafe mana duwatsu."

"Ku yafe mana," ta ce, kuka ya ci ƙarfinta.

Manuniyar Saude ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, nauyin nan ya tafi. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gidan ta fita ta kan katanga, gyare ya fara kuka. Can Saude ta motsa, ta lalubo fuskar uwarta.

"Umma, duhu. Ba na ganin komai. Kunna fitila."

Kubura ta ƙanƙame ta tana dariya tana kuka. Tunda take ba ta taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Da safe Saude ta fito tsakar gida ta tsaya cikin rana tana ƙifta ido, ta ce tana ganin kaji. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, Mansir yana zaure yana amsawa, har da yanka zakara. Cikin mako guda yarinyar ta koma makaranta, bakinta ya dawo. Sai dai in babanta ya ɗauki jakar kyamara, takan tuna tana da wanke-wanke. Kubura kuwa ba ta daina sallama a bakin rumbu ba, ko da yake ta san babu mai amsawa. Wurin ya zama lungu kawai, mai ƙadangaru da fasasshen tulu, kuma duk lokacin da ta wuce sai ta ji kewa kamar an yi mata rasuwa.

Ba ta yi wa mijinta faɗa ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Tuwonsa yana zuwa a kan lokaci, ruwan wankansa da ɗumi. Shirun ne ya dame shi. Wata magariba, an ɗauke wuta, tana tsugune tana wanke shinkafa da fitila a gefenta, ya zo ya tsaya a kanta yana murza hula.

"Kubura, ai kin san ruɗewa na yi. Wallahi da ya ƙara tambaya ko sau ɗaya ne, cewa zan yi ya ɗauki nawa."

Ta tsiyaye ruwan a hankali, ta taɓa shi ta ji da sanyi, ta rufe ƙwaryar da faifai. Sannan ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun ranar.

"Sau uku ya tambaye ka, Maigida. Da sanyi, da tsaka-tsaki, da ƙarfi. Kai ka koya mini cewa in an haɗa ukun babu abin da ke ɓuya."

Ta ɗauki ƙwaryarta da fitilarta ta shige ɗakin Saude, ta saki labule. Ya daɗe tsaye a tsakar gidan, cikin duhu, kafin ya fara lalube yana neman hanyar ɗakinsa.